Gobe Ka Taɓa Ƙafata

Yaya Sha'aban,

Na fita ba ka dawo ba. Yau ma zan raka kafil, ubangidan da nake zaune a ƙasar nan da sunansa, filin harbi, gasar ƙaramar bindiga saura kwana biyar.

Jiya na je asibiti. Likita ya ce kunnen dama ya mutu, na hagu ma ya kama hanya, kuma ba magani. Ni na ja wa kaina. Shekara huɗu ina tsugune a gefen kafil ina tsince masa kwanson harsashi don a sake ɗurawa, kullum sai na cire abin toshe kunne, kar ya ce "ta'al" wato in zo, ban ji ba. Ran Talata sau uku ya faɗa, ni ina ta tsinta. Kallona kawai ya yi. Iƙama, takardar izinin zamana, wata mai zuwa za ta ƙare, wa zai sabunta wa kurma?

Ka yafe ni, ba raini ya sa kake magana ina shiru ba.

Kwana tara ke nan ban ji kiran sallar asuba ba, ga masallaci jikin tagarmu. Gobe in za ka tashe ni, kar ka kira sunana. Ka taɓa ƙafata.

Munzali