Kyaftin a Kwalbar Ammachi

Meppadi, 2 ga Agusta, 1994

Zuwa ga yayana Sibichan,

Chettayi, babban yayana, gaisuwa mai yawa. Ina fatan shagon kawu bai ramar da kai ba. Ammachi ta ce a gaya wa ɗanta ya daina wanka da ruwan sanyi.

Kwana goma ke nan ina durƙushe gindin kurangar masoron bayan rijiya da kyamarar da ka bar mini. Ina yin yadda ka koya mini: in cire gilashin gaba, in juya shi, in danne da hannu, in riƙe numfashi. Gizo-gizonka masu tsalle suna nan. Namijin mai ƙafafu ruwan goro na sa masa suna Kyaftin, macen kuma Amarya. Kar ka yi dariya. Bai kai ƙwayar shinkafa ba, sai dai in ya juyo ya kafe ni da manyan idanun nan biyu, kunya nake ji kamar an kama ni da littafi ƙarƙashin matashi.

Ya ƙi yin rawar neman macen, Chettayi. Ruwa ba ya ɗaukewa, matsattsaku sun gama da ƙafafuna, hannuna kuma rawa yake, ya fi Kyaftin iyawa. Hoto huɗu ya rage a fim. Ya zan yi?

Ƙanwarka,
Rosimol

*

Kozhikode, 8 ga Agusta

Rosimol sarkin mafarki,

Na gode da gaisuwa. Kyaftin kuma? Littattafan soyayyar nan sun gama da ke.

Ki saurara. Na sake zuwa wurin Dakta Vasanthi a jami'a. Tana zaton irin wannan gizo-gizon ba a taɓa rubuta shi a littattafan kimiyya ba, sai dai zanena bai ishe ta ba. Hoton namijin yana rawar neman mace take so, ƙafafu a sama. In ta gani za ta ɗauke ni mataimaki. In babu, kawu ya riga ya samo mini biza, bayan bikin Onam zan tafi Sharja ɗaukar kaya a sito. Na roƙe shi kwana uku in zo gida, ya ce in bar masa zancen ƙwari.

Idona a kanki yake. Ki jira kawai, kar ki taɓa su, kar ki kama su. Ki gaida Ammachi.

Sibichan

*

Meppadi, 15 ga Agusta

Chettayi,

Ina gaisuwa, ko da yake ban cancanta ba. Ka zauna kafin ka karanta.

Tunda takardarka ta zo na kasa cin abinci. Kwana huɗu Kyaftin na ganyen sama, Amarya na na ƙasa, ko kallon juna ba sa yi. Sai na tuna a duk littafin da na karanta, in masoya suka ƙi magana, ruwa ke tsare su a ɗaki ɗaya, daga nan komai ya warware. Na ɗauko kwalbar da Ammachi ke jiƙa mangwaro a ruwan gishiri, na wanke, na shanya, na sa ganye ɗaya. Na saka su ciki na rufe.

Ya yi rawar. Na rantse maka ya yi. Ya ɗaga ƙafafun nan sama yana karkaɗawa, ya yi dama, ya yi hagu, yana matsowa a hankali kamar mai tsoron taka ƙaya. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Na ɗauki hotunan huɗu duka ta jikin kwalbar. Ya hau bayanta, suka daɗe. Da ya sauko ya yi tsalle zai gudu, sai ya bugi gilashi. Ya sake, ya sake bugawa. Ta cafke shi.

Na buɗe murfin, na makara. A kan kuranga da ya tsira, ka sha gaya mini tsalle ɗaya ke cetonsu. Ni na toshe masa hanya. Na duba kowane ganye har bakin rafi, babu wani namijin.

Ammachi ta same ni ina kuka, ta ce ko wani yaro ne a coci. Da ta ji zancen sai ta ce, "Kwalbata kika ɓata saboda ƙwaro?"

Ga fim ɗin na ba direban motar safe. Wataƙila ɗaya ya fito. Ka zage ni, don Allah, kar ka yi shiru.

Rosimol

*

Meppadi, 27 ga Agusta

Chettayi,

Gaisuwa. Kullum ina tsaye bakin hanya, mai kawo wasiƙu har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

Na mayar da Amarya kurangarta, ko da yake na so in murƙushe ta. Shekaranjiya ta naɗe ganye da farar saƙa ta shige ciki, ba ta fitowa. Na haska da madubi, akwai ƙwai. Ammachi ta sa a sassabe bayan gida saboda Onam. Na zauna gaban kurangar na ce sai dai a sare da ni. Ni da ban iya ɗaga ido gaban baƙo! Mai saran ya yi dariya ya wuce.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto. Dakta ta gani?

Ƙanwarka mai laifi,
Rosimol

*

Kozhikode, 5 ga Satumba

Rosimol,

Na gaishe ki. An wanke fim. Uku hasken gilashi ya cinye. Na huɗun babu Kyaftin, idonki ne ya fito a jikin kwalbar, buɗe tar. Dakta ta ɗauki wani mataimakin. Ran ashirin zan tashi.

Na yi fushi, na huce. Hoton idon yana cikin fasfona.

Ga sabon fim biyu. In ƙwan suka fashe, cikinsu akwai maza, kafin rani za su isa rawa. Ki jira su a kan ganye. Adireshin Dakta na bayan takardar nan, da sunanki za ki aika.

Ki mayar wa Ammachi kwalbarta.

Chettayinki