Hajiya Ta Ƙi Rawa

Tawa, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Alƙasum, Sarkin Awakin Tebaram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina gaida awakinka ɗaya bayan ɗaya, musamman wadda ka ba wayarka ajiya, tunda in munka kira ba ta ɗauka. Inna na gaishe ka. Ɗiyarka Hafsatu na gaishe ka, ta yi tsawo, ta kawo mini nan, ka dai ga inda nike nunawa. Ciɗo direba na ba takardar ga, da ajami na rubuta don kada ya karanta a hanya.

To Yaya, Hajiya ta yi yaji. Injin wankin matarka marigayiya Salima nike nufi, wanda ka kawo mata daga Abija, ka aje mana a tsakar gida tare da Hafsatu ran da ka tahi. Ni na sa mata Hajiya, don tun zuwanta zaune take cikin inuwar itacen bedi da farin lulluɓi, ba ta ce wa kowa uffan. Shekaranjiya Hafsatu ta tashi daga barcin rana, ido bai gama buɗewa ba, ta ce sai an kunna ta, wai muryar Mamanta na ciki. Inna ta shige ɗaki. Ni kuwa na aje babur ɗina na kabu-kabu na ɗauki bokiti.

Wanki kam Hajiya tana yi. Ta juya hagu, ta juya dama, a hankali awa tsohuwa na lallashin jika. Ta zubda ruwa. Da an zo wajen matsa kaya sai ta yi ƙyas, ta tsaya. Na yi mata kirari, na yi mata tofi, na yi mata alkawarin komawa Makka, ko gezau. Hafsatu kuma sai ta kama hawa bisa murfin, Inna na korar ta da mahuci.

Kai ne ka yi shekaru kana gyaran irinsu a Abija. Mi za ni yi mata?

Ƙanenka mai hankali,
Rashidu

*

Tebaram, ranar Talata

Zuwa ga ƙanena Rashidu,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, ina amsa gaisuwar Inna da girmamawa. Allah ya raya Hafsatu.

Ban sani ba ko gaskiya ne injin ya ƙi, don kai ne ka taɓa aiko mini wai an haihi maraƙi mai kai biyu a gidanmu. Amma ga abin da za ka yi. Ka cire wuta tukun, kuma kada ka taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Ka rage kaya, ka baje su cikin gangar, kada su taru waje guda. Ka cire tiyon da ke fidda ruwa ka busa, in akwai sauran ruwa a ciki ba ya matsa. Ka kwance bayan, za ka ga kuruwa, wata baƙar igiyar roba da ke haɗa motar injin da ganga, ka duba ko ta tsinke ko ta saki. Kuma kada ƙahwahunsa su nutse cikin rairayi, ka sa mai katako.

Maganar murya, yarinta ce, za ta manta. Kada ku biye mata.

Nan lahiya lau. Ciyawa ta yi kyau bana, ba ni da lokacin zuwa.

Wanka,
Alƙasum

*

Tawa, ranar Alhamis

Zuwa ga Babban Likitan Hajiya, wanda ke duba marar lahiya daga nesa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida ciyawa.

Duk na yi. Na busa tiyo har na ga taurari da rana tsaka, sai ga tsinken kitso ya faɗo daga ciki. Hafsatu ta ɗauke, ta ce na Mama ne, yanzu da shi take yawo a ka. Na kwance bayan, ƙadangare ya fito ya dube ni awa ni ne baƙon. Kuruwa lahiyarta lau, ta fi tawa. Na sa katako. Na rage kaya har sai da ya rage ɗankwali guda. Ta wanke shi tas, ta zubda ruwa, ta yi ƙyas.

Hafsatu ta kara kunne jikin ƙarfen ta daɗe. Na ce mi kike ji? Ta ce, “Kawu, yi shiru, tana gyara murya.” Furen bedi na ta zubo mata a ka, ba ta ko sani ba.

Yanzu ka aje dariya, don ni na aje tawa. Iya Kadidiya, uwar Salima, ta yi waya daga Damagaram. Ran Lahadi mai zuwa za ta iso, ta kwashe kayan ɗakin ɗiyarta har da injin, ta tahi da Hafsatu. Ba da faɗa ta yi magana ba. Cewa ta yi yarinya ba uwa, uba kuma ya shiga daji, gara ta girma kusa da ita. Na ce wa Inna ta hana. Inna ta ce, “Ni kaka, ita kaka. Uba kaɗai ke iya cewa a bar mini ɗiyata.”

Na san za ka ce maraƙi ne mai kai biyu. Shi ya sa na sa Inna ta dangwala yatsa a shuni ta danna nan ƙasa. Ka san yatsan, shi ne mai tabon wuƙa.

Ƙanenka,
Rashidu

*

Tebaram, ranar Juma'a

Rashidu,

Wa alaikumus salam. Na ga yatsan Inna. Na yarda.

Iya Kadidiya mutumniyar kirki ce, gidanta cike da yara. Wataƙila hakan ya fi. Ni in na dubi Hafsatu, goshin uwarta nike gani. Nan ba abin da ya yi kama da kowa.

Batun inji, tun takardarka ta fari na san ciwon, na ƙi faɗi ne. A ƙarƙashin murfin akwai ɗan harshe na roba. In an rufe, shi ke danna wani maɓalli, sannan ganga ta yarda ta yi gudu. Harshen ya cinye tun muna Abija, murfi shi kaɗai ba ya isa ya danna. Na sha cewa zan canza shi, Salima ta hana. Hawa take yi ta zauna bisa, ta ɗora Hafsatu a cinya. Da ganga ta ɗauki gudu sai komi nata ya kama rawa, ƴan kunne, awarwaro, har kumatu. Sai ta ja waƙa da gangan don ta ji muryarta na karkarwa, su yi ta dariya ita da ɗiyar. Ta ce wagga ita ce motarta, yau ta je Damagaram, gobe Agadas, jibi bakin teku, ba ta biya ko direba ba.

Yarinyar ba hauka take ba da take hawa. Ku daina korar ta. Amma ita ba ta da nauyi. Ka ɗora dutsen niƙa, zai yi.

Ka wanke mata kayanta duka kahin Lahadi, ta tahi da tsabta.

Alƙasum

*

Tawa, ranar Asabar da hantsi

Zuwa ga Yaya Alƙasum,

Assalamu alaikum. Yau ba kirari, ka yi haƙuri da rubutun.

Inna ta ce dutsenta ba ya hawa kan Hajiya. Don haka ni na hau, na ɗora Hafsatu a cinya. Hajiya ta zubda ruwa, munka jira ƙyas, ba ƙyas. Sai wani gurnani daga can ƙasa, a hankali, a hankali, sannan ta ɗauka. Yaya! Haƙorana sunka kama gaisawa da juna. Bedi ya zama biyu, Inna ta zama uku. Na ga katangar gidanmu na tahiya baya awa muna cikin motar Ciɗo, na rantse har iskar hanya na ji a fuska. Hafsatu ta buɗe baki ta ja waƙa, wata da ban taɓa ji ba, muryar na karkarwa. Inna da ke tankaɗe ta saki rariya. Ta ce, “La ilaha illallahu, Salima.” Ni ma na ji. Ba ta yi kama da ta yaro ba.

To amma ba ka gaya mini Hajiya na tahiya ba. Ta sauka daga katako, ta bi tsakar gida da mu tana tsalle, kaji na watsewa, ta nuhi ƙohwar gida sai da igiyar wuta ta fizge. Na ce wa Inna Tebaram za ta, a ba ta hanya.

Na zaci yarinya za ta yi murna. Ta sauka ta dube ni, ta ce, “Kawu, ba ka iya ba. Ba a tahiya. Baba ne ke riƙewa.” Ta zagaya gaban injin, ta buɗe hannuwa, ta dafa nan da nan, ta sa gwiwa, ta nuna mini yadda kake tsayawa kana tare su, fuskarka dab da tasu. Wanga kam ba ka rubuta shi a takarda ba.

Munka sake, na ce Inna ta riƙe, ta ce ƙugunta. Na kira Anas mai shayi, Hafsatu ta ce ba ta san shi ba. Ta ce a bari sai Baba ya zo. Ban ce mata za ka zo ba, ban ce ba ka zuwa ba. Maganar Damagaram ma ba wanda ya iya gaya mata.

Kayanta na nan cikin ganga, jiƙe, rabin matsa. Ta hana a shanya. Iya Kadidiya ta yi waya ta riga ta kamo hanya, za ta kwana Maradi. Ciɗo ya ce gobe da asuba zai taso daga Tebaram saboda kasuwa, kuma na roƙe shi ya bar gidan gaba na motarsa ba kowa. In ka ga dama ka sa akuya.

Ƙanenka,
Rashidu

*

Tebaram, Asabar da la'asar

Rashidu,

Wa alaikumus salam. Wani mai babur zai kawo maka wagga.

Ka maida injin bisa katako, ka juya gabansa wajen bedi. Kada ka sake kunna shi, kada kowa ya taɓa kayan. A yi wa Iya Kadidiya shimfiɗa a ɗakin Inna, a dama mata hura mai kyau, ni zan yi mata magana da bakina.

Ka gaya wa Hafsatu ta hau bisa murfin ta jira.

Wanka,
Alƙasum