Rijiyar Bayan Rumbu

Daga Tani, Birni, Damagaram. Wasila maƙwabciyata ce ke rubuta mini, yadda na faɗa haka take sawa.

Alkasum, ina gaishe ka, ina gaida matarka da yara. Bayan haka, jiya wasu mutane sun zo daga ma'aikatarku ta ruwa, da igiyar awo. Wai ana neman tsofaffin rijiyoyi a gyara a ajiye, saboda ranar da famfo zai mutu. Suka nufi bayan rumbu kai tsaye, ko tambaya babu. Wa ya gaya musu? Maƙwabta ma ba su san da rijiya a nan ba. Kai ne.

Ba a haife ka ba sanda yayarka ta faɗa ciki. Ina daka, ta ɗauki guga wai za ta taya ni. Da aka fito da gawarta, zaninta na nan yadda na ɗaura mata da safe. Babanku da hannunsa ya jera itace a bakin, ya shafe da laka. Har ya koma ga Allah bai sake bi ta wurin ba. Ita za ka buɗe mini?

Allah ya yi maka albarka duk da haka.

*

Zuwa ga Inna, tare da gaisuwa da ladabi.

Ni ne na faɗa, ba zan ɓoye miki ba. A wurin aiki ni aka ba tsara abin da za a yi in ambaliya ta sake cinye injinan da ke turo ruwa gari. Kin ga bara. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, hanya ta yanke, motar ruwa ta kasa shigowa Birni. Mutane suka sha na tafki, amai da gudawa ya kwashe yara, har da Kolo ɗan Wasila. Masu awo sun ce a unguwarku rijiyarmu kaɗai ake sa ran tana da ruwa har yanzu.

Ban san Yaya Fanta ba, Inna, amma na san Kolo. In kin ce a'a, zan cire gidanmu daga tsarin, ba wanda zai sake taka miki ƙofa. Ki gafarce ni.

Ɗanki, Alkasum.

*

Alkasum, na gaishe ka.

Wasila ta karanta mini. Da ta zo kan sunan ɗanta muryarta ta ɗauke. Ka duba fa, da hannunta ta rubuta maka zancen rijiyar nan, ko uffan ba ta ce mini ba, da safe ma ta kawo mini kunu.

Ku buɗe. Amma ka zo da kanka, kada baƙo ya fasa abin da babanka ya shafe. Damina ta kusa, kada ka daɗe. Kowa ya ɗiba. Ni dai kada a zuba mini ruwanta a randa, ko ƙishi zai kashe ni.

Na gaji, Wasila. Bari haka nan.