Fulogi Huɗu Daga Chonburi

Yaya Somkiat,

Ya su Inna da Baba? Gaida abokanka, har wanda ke karanta saƙona ya yi shiru.

Ni lafiya lau, garejinmu akwai daɗi. Salansar wata mota ta ɗan ƙona ni, wurin ya warke.

Na ga bidiyonka. Ka ɗaura wa a-kori-kurar Baba tulun iskar naitoros mai ƙara wa mota gudu, ka rataya furanni a sitiyari, wai ka gama tsari. Yaya, furanni ba sa hana fistin narkewa. Maigidana na gareji ya ce fuloginka sun cika zafi, masu sanyi ake sawa, a jinkirta wutar kaɗan.

Na aiko huɗu. Kar ka danna maɓallin naitoros ɗin nan sai sun iso. Mota ɗaya gare mu, yaya ma ɗaya gare ni.

Ƙanwarka,
Namfon