Gaurakin Fadamar Mabai

Mabai, watan Ƙaramar Sallah, 1976

Zuwa ga yayana Alhaji Almu, a Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da yara, Ya kuma karɓi azuminmu baki ɗaya. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya nuna, Inna Baraka ta samu sauƙin ƙafar har tana zuwa rijiya da kanta. Za ka ga da ajami na rubuto, da hannuna, ban ba ɗan makaranta ba, don ina son maganar ta tsaya tsakaninmu.

Yaya, ka san yadda fadamarmu ta koma tun farin nan da ruwan sama ya ƙi: tafki ya cike da yashi, aka sare itatuwan bakinshi, tsuntsaye suka watse. To bara ma'aikatan gandun daji suka zo da kuɗin da gwamnati ta ware, aka yashe tafkin, aka dasa kanya da ɗinya da giginya, aka fitar wa makiyaya mashayarsu daban, aka hana sa wuta a ciyawa. Da suka nemi mai tsaro, dattawa suka nuna ɗanka Gide, wanda na haifa ka riƙe. An ba shi kaki da keke da albashi. Ba kyau uwa ta yabi ɗanta, Allah Ya yafe mani, amma bana gauraki sun dawo har sun yi ƙwai cikin ciyawar. Ran da na fara jin kukansu daga tsakar gida ina tankaɗe, ajiye rariyar na yi na zauna, don rabona da shi tun Baba na da rai.

Ka dai san yayin da ake ciki. Duk wanda ya samu kuɗi ya yi gidan siminti, sai ya so gauraka na yawo a tsakar gidanshi, an yanke mashi fiffike. Cikin azumi wani mai mota ya sayi ɗiyan gauraka biyu hannun Rabo, ƙanen matar Gide. Gide ya iske su bakin hanya, ya roƙi mutumin cikin ladabi, ya ƙi matsawa daga gaban motar har sai da aka miƙo mashi kwandon, ya maida su ga uwarsu. Matar Gide ta yi kwanaki ba ta kula shi, gidan surukai har yau gaisuwar sama-sama ce. Amma Maigari ya sa mashi albarka a gaban jama'a bayan sallar idi.

Ana haka sai ga direbanka Zailani da saƙonka, wai Gide ya kamo maka gauraki biyu don sabon gidanka. Na san ba ka da labarin duk wannan. Gide ya zo ɗakina ya durƙusa, ya ce kai ka riƙe shi, kai ka yi mashi aure, bakinshi ba zai iya ce maka a'a ba. Ya ce kuma ba zai taɓa su da kakin nan a jikinshi ba, bayan abin da ya yi wa Rabo. Don haka in ka nace, zai maida kaki da keke, sannan ya shiga fadama ya kamo maka. Na san shi, zai aikata. Shi ya sa nake roƙonka, don zumunci, ka aiko mashi da kalma ɗaya cewa ka janye. In na faɗa mashi ni, zai ce rufa mashi asiri nake; daga gare ka yake son ji.

Atamfar da Zailani ya kawo mani tare da saƙon ta yi kyau ƙwarai, Allah Ya ƙara buɗi. Tana cikin adaka, ban kai wa tela ba, sai na ji amsarka tukuna.

Ka gaida Hajiya Hajaratu, da Mamuda, da takwarata. Inna Baraka da maigidana Malam suna gaishe ka. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka,
Suwaibatu