Tabon da Na Ɓoye wa Likita

Zuwa ga Yaya Safiyatu, Zakirai.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya yara, ya wannan shekara da gero ya fi ƙarfin mutane? Kashim direba zai kawo miki takardar nan, wayata ta fashe.

Yaya, aikin bai kama ba. Kin san shekara biyu ke nan da Muntaka ya kawo ni ƙauyensu na bayan Ɗanbatta, ko ɓatan wata ban yi ba, har ya sayar da gonar bakin rafi muka je Kano a dasa mini ƙwai. Ranar yankan kati nas ta ce, "Kin taɓa haihuwa?" Inna, uwar Muntaka, tana zaune daf da ni. Ta yaya zan ambaci 'yar fari ta auren baya a gaban suruka? Na sunkuyar da kai na ce a'a. Inna har murmushi ta yi.

Sai ranar dashen likita ya ga tabon tiyatar da ke marata, ya ce, "Wa ya yanka ki a nan?" Wai inda aka ciro yarinyar bai haɗe sosai daga ciki ba, ruwa yake taruwa, ƙwai ya kasa zama. Wai da na faɗa, da an gyara tukuna.

Sama'ilu, wan Muntaka, dama bai so a sayar da gonar ba. Da ya ji, ya shigo da fartanya yana cewa, "Gonar ubanmu ta tafi a kan kunyar banza!" Ya sari Muntaka a ka. Na faɗa tsakaninsu, Sama'ilu ya shure ni har na bugi turmi. Jini ya jiƙa tabarma sharkaf. Ni ban gane ba, Yaya, ashe kunya laifi ce?

Ƙanwarki, Hure.

Hure,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. Kin yi wauta, amma mu muka koya miki. Kwana biyu kina naƙuda a cinyata kafin a yanka ki, sannan aka ce ko sunan yarinyar kada ki kama. Kunya ta gida ce, ba ta ɗakin likita ba.

Yayanmu Basiru ya ji, tun safe yake wasa adda. Na ɓoye makullin babur ɗinsa a tukunyar daddawa. Ki taho gida ki huta. 'Yarki tana nan, ta fara zubar da haƙoran gaba.

Yayarki, Safiyatu.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ɓoyon makulli bai yi ba, Yaya Basiru ya biyo motar kasuwa. A gaban masu awon gyaɗa ya tare Sama'ilu, ya ce, "Kai ne mai shurin mata?" Allah ya sa mutane sun ƙwace addar, amma ya karya masa hannu da itacen rumfa, shi ma an fasa masa baki. Duka biyun suna hannun 'yan sanda.

Muntaka ɗinki goma sha ɗaya aka yi masa. Bai zage ni ba, da ya zage ni ma ya fi mini sauƙi. Ya ce saura ƙwai ɗaya a ƙanƙara a asibitin. Likita ya ce sai an sake shiga an gyara tabon, kuma ko an gyara bai yi alkawari ba. Gona babu ta biyu. Ni kuwa ko wuƙar yanka albasa na gani, sai na tuna ranar da aka yanka ni. Ba zan taho ba tukuna. Ki yi mini addu'a.

Taki, Hure.

Yaya,

Salam. Na yarda, ranar Talata za a yi gyaran tabon. An sake yanka mini kati, nas ta sake tambaya, Inna na zaune a gefena. Na ɗaga kai na ce, "Sau ɗaya, da tiyata. Sunanta Asiya." Inna ta juya baya, har yau ba ta amsa gaisuwata.

Ki kawo mini Asiya kafin su sa mini wuƙa.

Hure.