Katin da Na Ɓoye a Baki

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa daga nan uwa duniya. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Ka shafa min kan Auta.

Ka tambaye ni wanne za ka kama, aikin jarida irin nawa ko gurbin da kamfanin kwamfuta ya ba ka. Ni dai lafiyata lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Makon jiya na je ɗaukar hoton zanga-zanga, na ɗauki masu kulki suna tattake wani tsoho, sai suka ritsa ni a lungu. A aikinmu, in ka ga za a kama ka, katin ajiyar hotuna na kyamara kake zarewa ka jefa a baki. Suka rotsa kyamarar, suka ce in yi magana, na ƙi. Wani ƙato ya buɗe min bakin da takalmi. Haƙora biyu suka tafi, jini har ƙirji, amma katin yana ƙarƙashin harshe. Washegari duniya ta ga hoton tsohon da suka tattake.

Don Allah ka kama kwamfutarka. Mahaukaci ɗaya ya ishi gida. Allah ya yi maka albarka.

Kada Inna ta ji. In ta nemi sabon hotona, ka ce mata na girma, na daina dariya a hoto.

Yayanka